Daga Hindman zuwa Hot Springs: Dalsima da Tsofaffin Waƙoƙin Duwatsun Afalaciya

Gabashin jihar Kentaki ta Amurka sai da mota. Jirgi ya sauke ni a Lexington, na bi babbar hanyar I-75 na yi kudu kamar mil 40 zuwa Berea. Duk wanda ya zo neman dalsima, wani abin kiɗa mai tsirkiya, nan ya kamata ya fara yada zango, domin gari ne na masu sana'ar hannu, kuma kwalejin garin, wadda aka kafa a 1855, tana adana faya-fayan waƙoƙin mutanen duwatsun Afalaciya masu yawan gaske. A shagunan masassaƙa za ka ɗauki dalsima ka ɗora a cinya ka gwada, babu mai ce maka don me.

Dalsima siririn akwati ne na katako, tsawonsa bai cika wuce santimita 90 ba. A samansa an manna wani dogon katako daga kai har gindi, an gitta masa siraran ƙarafa da suka raba shi gaɓa-gaɓa, a kansa kuma tsirkiyoyi suke kwance. Tsirkiya uku ce asali. Idan ka ga huɗu, galibi an ninka ta farko ce don ta ƙara amo. Zaune ake kaɗa ta, a kwantar da ita kan gwiwoyi, kanta yana hagu. Tsirkiyar da ta fi kusa da cikinka ita ce mai ɗaukar karin waƙa. Sauran biyun ba a danna su a tsohon salo, amo guda suke ta shimfiɗawa a ƙarƙashin waƙar daga farko har ƙarshe. Dubi gaɓoɓin da kyau za ka ga tazararsu ba daidai take ba: faɗi, faɗi, ƙunci, faɗi, faɗi, ƙunci, faɗi. Da gangan ne. An cire duk amon da ba ya cikin tsanin waƙa mai hawa bakwai, shi ya sa ko sabon shiga da wuya ya taɓa wurin da zai yi wa kunne ciwo. Kakarta wata aba ce da Jamusawan da suka zauna a Pennsylvania suka zo da ita, ana kiranta scheitholt. Ita ta gangaro kudu tare da masu ƙaura, ta shiga kwarurukan jihar Bajiniya, a ƙarni na 19 ta ɗauki siffar da take da ita yau.

Daga Berea na yi gabas. Hanya ta fara murɗewa tana bin gefen rafuka, manyan motocin kwal suna wucewa, gidaje a jere cikin matsattsun kwaruruka. Kusa da Hazard akwai ƙauyen Viper, mahaifar mawaƙiya Jean Ritchie. Gaba kaɗan sai Hindman, hedikwatar gundumar Knott, inda rassan rafin Troublesome biyu suka haɗu. A nan May Stone da Katherine Pettit suka kafa makarantar Hindman a 1902. A wannan gunduma kuma James Edward Thomas ya rayu, wanda kowa ke kira Uncle Ed. An haife shi a 1850, ya rasu a 1933, ya sassaƙa dalsima wajen 1,500, yana zuba su a ɗan kura yana bin ƙauyuka yana sayarwa. Siffar da ya yi wa tasa, mai tsukakken ƙugu da ramukan amo masu kamar zanen zuciya, ita ce yau da an ce dalsima ake gani a ido. Jethro Amburgey, malami a makarantar, ya ɗauki awonsa ya ci gaba da sassaƙawa. Ambaliyar da ta auka wa yankin a watan Yulin 2022 ta shiga makarantar da ɗakin ajiyarta da shagunan masu haɗa kayan kiɗa na garin, ta lalata takardu da kayan tarihi. Mutanen garin sun wanke abin da zai wanku sun koma bakin aiki.

A wani shagon masassaƙa na zauna na kalli yadda ake daidaita sabuwar dalsima kafin a miƙa wa mai ita. Katakon yankin suke amfani da shi, walnat da ceri da fofla. Wani lokaci kuma tsohon katakon cesnat ne da aka ɓamɓaro daga rumbunan gona, domin wata cuta ta ƙarar da wannan itace a rabin farko na ƙarni na 20. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki, wato ɗan katakon da take hawa a gindi, yakan kama daga inci 25 zuwa 29. Mai gajerun yatsu ya nemi 25 ko 26. Ma'aunin tsayin tsirkiya kuwa da kwabban Amurka biyu ake yinsa. Masassaƙin ya kwantar da kwabon senti 10 a jikin ƙarfen gaɓa ta farko, tsirkiya ta shafe shi da kyar. Ya ɗora kwabon senti 5 a kan ƙarfen gaɓa ta bakwai, nan ma ta shafa kawai. Na farkon kaurinsa milimita 1.35 ne, na biyun 1.95. Idan tsirkiya ta fi haka tashi, danna ta zai miƙe ta, amo ya haura inda ya kamata, yatsa kuma ya yi ciwo. Idan ta fi haka kwanciya sai ta riƙa dukan ƙarafa tana zizar ƙuda. Daga nan ya duba jaki. Gaɓa ta bakwai ita ce daidai rabin tsirkiya, don haka amon da take bayarwa dole ya zama na tsirkiya a sake, amma a sama. In ya zarce, a ja jaki baya kaɗan a ƙara tsawo. In ya gaza, a turo shi gaba. Milimita ɗaya ma tana jiyuwa a kunne.

Kunnuwan ɗauri na katako irin na dā suna da nasu hali. Da iska ta bushe sai su sake, tsirkiya ta zube. Da damshi ya shigo sai su cije. Ana goga musu alli idan suna sulɓi, busasshen sabulu kaɗan idan sun yi tauri, kuma ana murɗawa ne ana tura kunnen ciki lokaci guda.

Saitin tsirkiya shi ne rabin ilmin dalsima, kuma ba ya buƙatar na'ura. Ana fara da mai kauri, wadda ta fi nesa da kai, a ɗaure ta a amon da makaɗan Turai ke kira D. Danna ta a gaɓa ta huɗu, abin da ka ji shi ne A, ka daidaita ta tsakiya da shi. Waɗannan biyun sun zauna ke nan. Ta farko ce ake ta canjawa gwargwadon waƙa. Idan ka daidaita ta da ta tsakiya ka sami DAA, tsanin waƙa yana farawa daga gaɓa ta uku, amo mai haske, kuma akwai hawa uku a ƙasa da gida, wato amon da waƙa take sauka a kai, abin da tsofaffin waƙoƙi da yawa suke buƙata don daga ƙasa suke tasowa. Idan ka daidaita ta da mai kauri a gaɓa ta bakwai ka sami DAD, tsani yana farawa daga tsirkiya a sake. A gaɓa ta shida kuwa DAC ne, gida yana gaɓa ta ɗaya, amo mai duhu na makoki. A gaɓa ta uku DAG ne, gida yana gaɓa ta huɗu, amon da yake tsakanin baƙin ciki da dauriya, wanda a ganina shi ya fi dacewa da waƙoƙin dutse. Kaurin tsirkiya yana da tasiri a nan. Mai kauri takan zama 0.022 zuwa 0.024 na inci, ta tsakiya 0.012 zuwa 0.014. Ta farko idan siririya ce ƙwarai, kamar 0.010, za ta yi daɗi a D amma ta yi lakwas idan an sassauto ta zuwa G. Wanda zai riƙa yawo tsakanin saiti huɗun nan ya sa 0.012.

Yawancin dalsimar da ake sayarwa yanzu an ƙara mata wani ƙarfe tsakanin gaɓa ta shida da ta bakwai, ana ce masa shida da rabi. Ya yaɗu ne tun wajen shekarun 1970, don a iya kaɗa waƙoƙi masu haske a DAD ba tare da sake ɗauri ba. Yana da amfani, amma ya sa mutane da yawa sun zauna a saiti guda har sun manta sauran ukun, ga shi kuma mai kiɗan tsohon salo yana tuntuɓe da shi. A tsohon salo ba da yatsa ake danna tsirkiya ba. Ɗan guntun sanda ake riƙewa, na gora ko katako mai tauri, tsawon ɗan yatsa, babban yatsa a sama, a riƙa zame shi kan tsirkiya ta farko ba a ɗagawa. Wannan zamiyar ita ke ba da shewar nan mai shiga rai. Hannun dama kuma yana riƙe da gashin fiffiken dinya ko na talotalo da aka fere, yana kaɗawa a ɗan kwarmin da aka sassaƙe kusa da gindi.

Abin da baƙo ba ya zuwa da saninsa shi ne, waƙoƙin labari da ake kira balad ba da kiɗa aka gaje su ba. Jean Ritchie, wadda aka haifa a 1922 ta rasu a 2015, auta ce cikin 'ya'ya 14. Mahaifinta Balis yana kaɗa dalsima, amma dogayen waƙoƙin gidansu da baki zalla ake rera su, a baranda ko wajen aiki. Ita ce da ta koma New York a ƙarshen shekarun 1940 ta fito da dalsima gaban jama'a, a 1952 ta tafi Ingila da Sikotland da Ailan da tallafin karatu na Fulbright tana bin asalin waƙoƙin danginta, a 1963 kuma littafinta na koyon dalsima ya fito. Duk wanda ya saurari faya-fayanta zai lura da abu biyu. Manyan balad da yawa ta bar su ba kiɗa. Inda ta sa dalsima kuma, sau da yawa ba karin waƙar take kaɗawa ba, wani kari na biyu take bi a hankali da yatsu, muryarta tana sama tana tafiyarta.

Daga Hindman na bi ta Whitesburg, na haura mashigar Pound Gap zuwa Bajiniya, na ratsa kusurwar Tennessee, na shiga Karolina ta Arewa ta Sams Gap. Tafiyar kusan awa huɗu ce zuwa Hot Springs a gundumar Madison, ƙaramin gari a bakin kogin French Broad. A nan Baturen Ingila Cecil Sharp ya sami Jane Hicks Gentry a 1916, ta rera masa waƙa 70 ita kaɗai. Tsakanin 1916 da 1918 shi da Maud Karpeles sun yi mako 46 a duwatsun nan, suka rubuta kari 1,612 daga bakin mutum 281, kusan dukkansu ba kiɗa. Yawancin manyan waƙoƙin suna cikin 305 da Francis James Child na jami'ar Harvard ya tattara ya buga tsakanin 1882 da 1898, shi ya sa har yau da lambar Child ake kiran su. Aikin Sharp yana da giɓi babba, domin abin da ya fito daga Birtaniya kawai yake nema, bai tsaya wa waƙoƙin baƙaƙen fatar yankin ba, alhali banjon da ake kaɗawa a kowane kwari daga hannun bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ya fito, ɗan dangin su gurmi da molo ne.

A gundumar Madison al'adar ba ta yanke ba. Daga ƙauyen Sodom Laurel su Dellie Norton da Dillard Chandler suka fito, sai Sheila Kay Adams, wadda ta gaji waƙa tun kaka na bakwai, aka kuma ba ta babbar lambar yabo ta ƙasa ta masu fasahar gargajiya a 2013. Na halarci zaman musayar waƙa da ake yi a yankin. Kujeru ne a zagaye, kowa ya rera tasa idan zagaye ya zo kansa. Wata dattijuwa ta rufe ido, ta ɗaga haɓa, hannuwanta a cinya. Muryar a sama take, mai kauri a hanci, ba rawa a cikinta. Takan ja wata kalma har ka zaci ta manta ta gaba, sai ta haɗiye uku a numfashi guda, a ƙarshen ɗango kuma muryar ta ɗan karye ta yi sama kamar shaƙuwa. Ana kashe mutane a cikin waƙar, fuskarta ba ta motsa ba. Wannan rashin nuna juyayi ƙa'ida ce: mawaƙi ya kauce, labari ya wuce.

Ginin balad baiti ne mai ɗango huɗu, bugu huɗu, uku, huɗu, uku, amsa-amo a ɗango na biyu da na huɗu. Ba ta bayani. Takan tsallake shekaru a tsakanin baiti biyu, sannan ta tsaya kan tambaya ɗaya ta maimaita sau uku tana canja kalma guda. Saboda haka mai rerawa dole ya san abin da aka bari ba a faɗa ba.

Ɗauki ta 79 a jerin Child. A tsohon zubinta na Sikotland, wata mata ta aika 'ya'yanta maza uku teku suka mutu, suka dawo mata da dare wajen bikin waliyyi Martin, 11 ga Nuwamba, da huluna na ɓawon itacen da ya tsiro a ƙofar Aljanna, zakara yana cara suka tafi. Hulunan su ne shaidar cewa matattu ne, waƙar ba ta ƙara ko kalma a kai ba. A duwatsun Afalaciya yaran ƙanana ne da aka tura karatu arewa, annoba ta kwashe su, suka dawo lokacin Kirsimeti. Uwar ta shimfiɗa tebur, suka ƙi ci suka ƙi sha, suka ce mata hawayenta yana jiƙa musu likkafani. Tsohon imani ne na mutanen Turai cewa kukan da ya wuce kima yana hana mamaci hutawa. Wanda ya gane wannan ba zai rera baitin ƙarshe da tsawa ba, domin roƙo yaran suke yi. A wasu zubin ma Tsohuwar Kirsimeti ake ambata, ta 6 ga Janairu, wadda mutanen dutse suka riƙe bayan Birtaniya ta sauya kalanda a 1752 ta zubar da kwana 11.

Haka aljanu da fatalwa suka yi ta raguwa da waƙoƙin suka ƙetaro teku. A ta 10, yaya ta tura ƙanwarta ruwa saboda saurayi. A Sikotland wani makaɗi ya tsinci gawar, ya yi abin kiɗa da ƙashin ƙirjinta, ya ɗaura gashinta a matsayin tsirkiya, abin kiɗan ya tona asirin yayar a gaban taro. A yawancin zubin Amurka wannan ya faɗi, sai wani mai niƙa da ya cire zobban yarinyar aka rataye shi. A ta 243, tsohon masoyi ya dawo daga teku ya yaudari matar kafinta ta bar mijinta da jaririnta. A tsofaffin zubi fatalwa ne ko shaiɗan mai kofato. A Afalaciya mutum ne kawai, amma baitocin da ta hango tsaunukan Aljanna da na wuta kafin jirgi ya nutse suna nan a bakin mawaƙa da yawa, kuma su ne ragowar asalinsa. Barbara Allen kuwa, ta 84, wadda Baturen Ingila Samuel Pepys ya ambata a littafin ajiyar ranakunsa a Janairun 1666, ta riƙe nata: wardi ya tsiro daga kabarin saurayin, ƙaya daga nata, suka hau bangon coci suka sarƙe. Mai rera ta ya kula kada ya yar da baitin da ta tuna masa ranar da ya gaisa da sauran 'yan mata a mashaya ya tsallake ta. In babu shi, ta zama mai mugunta ba dalili.

Ga yadda na ga ƙwararru suna haɗa irin waɗannan da dalsima. Sai waƙar ta zauna a baki tukuna, dukan baitocinta, ba kiɗa. Sannan ka nemi amon da take sauka a kai a ƙarshen baiti, shi ne gida, ka ɗaure mai kauri a kansa. In D ya yi wa muryarka tsayi, sauko da duka ukun zuwa C, tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin kiyayewa. Hawa sama da E kuwa yana iya tsinka mai kauri. Daga nan ka laluba karin a tsirkiya ta farko cikin saiti huɗun nan har ka sami wanda duk amon waƙar yake da gaɓa a cikinsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tilasta wa waƙar DAG ta shiga DAD, a canja amo ɗaya ko biyu don su dace da ƙarafa, waƙar ta tashi daga tsohuwa ta koma ta rediyo. Na biyu shi ne danna tsirkiya uku tare irin na masu jita. Kari da yawa na dutse hawa biyar ko shida kawai gare su, kuma sau da yawa amon da ke bambanta haske da duhu shi ne babu. Da ka danna uku ka yanke hukuncin da waƙar ta bari a buɗe. Shimfiɗar D da A ba ta yin wannan katsalandan. Na uku shi ne bugu. Hannun dama yana son ƙidaya, balad kuwa numfashin labari take bi, don haka a taɓa tsirkiya sau ɗaya a farkon ɗango a bar ta ta mutu da kanta. Waƙa mai baiti 15 ko 20 tana son a kaɗa karin gaba ɗaya sau biyu ko uku kawai, a wurin da labari ya tsallake lokaci, inda mai sauraro yake buƙatar ya cike giɓin da kansa. Idan dalsimar ta yi shiru da yawa saboda cinya ta danne bayanta, ana ɗora ta kan wani falle na katako mai ƙananan duga-dugai, amo ya buɗe.

Zangona na ƙarshe gundumar Wilkes ce, gabas da manyan duwatsu, inda balad ta daina zama gadon Turai ta zama labarin maƙwabta. A 1866 aka kashe Laura Foster a nan. Aka kama Tom Dula, tsohon sojan Kudu a yaƙin basasar Amurka, tsohon gwamna Zebulon Vance ya tsaya masa lauya, aka rataye shi a Statesville ranar 1 ga Mayu 1868. Ann Melton, wadda aka tuhume su tare, an sallame ta, kuma har yau mutanen yankin suna gardama kan wanda ya riƙe wuƙar. Waƙar da aka yi a kan lamarin ta bi ta bakin Frank Proffitt na gundumar Watauga, manomi mai sassaƙa banjo da dalsima, kafin ƙungiyar Kingston Trio ta yaɗa ta duniya a 1958. Tana da bugu tsayayye, hawa biyar ne karinta, yana tasowa daga ƙasan gida, don haka DAA da ɗan sanda da gashin talotalo sun ishe ta. Amma kafin a rera ta a faɗa wa masu sauraro sunan Laura Foster da shekarar da ta mutu, domin waƙar Tom take tausaya wa, ita kuwa da kyar ake ambatonta.

Wanda zai taho da dalsima gida ya sassauta tsirkiyoyi ya shiga da ita cikin jirgi a hannu, kada ta bi kaya. Katakonta siriri ne, wajen milimita uku, kuma an haɗa shi ne a iska mai damshin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Hunturun Kano ko Zinder yana iya tsaga shi cikin 'yan kwanaki. A ajiye ta cikin akwatinta a rufe, tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse aka sa a robar sabulu mai huji, a riƙa sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku har iska ta juya.